Kundin Gurasa

Zeinabu ta riga ta fara tattara jakarta lokacin da Ustaza Amna ta fito daga ɗakin ciki rungume da wani kundi, ta dire shi a kan tebur har kofunan shayi suka yi ƙara.

"Duba wannan kafin ki tafi," in ji ta da Larabcin Masar. "A bayan kabad na same shi. Na mutanenki ne."

Mutanenki, a bakin Ustaza Amna, na nufin duk baƙin mutumin da ya taɓa fitowa daga yamma da Sudan, ko Babarbare ne ko Bafulatani ko Bahaushe. Ba laifinta ba ne, tsofaffin magatakardan ma duk Takruri suke rubuta su. Ita ce ke kula da ɗakin ajiyar takardu na wata ƙungiyar agaji a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, a can saman wani tsohon bene da lif ɗinsa ya daina aiki tun kafin a haifi Zeinabu. Ƙungiyar ta gaji kundayen wata takiyya, wato gidan ciyar da baƙi da matalauta, wanda wata attajira ta yi wakafinsa a tsohuwar Alƙahira. Takiyyar ta daɗe da rushewa, an jera shagunan kayan waya a wurin. Abin da ya rage shi ne kundayen, da Ustaza Amna, da wata kyanwa mai kwana a kansu.

Zeinabu ta dubi agogon wayarta. Ta yi wa Baba alkawarin za ta dawo kafin la'asar, kuma duk wanda ya san hanyar Faisal, unguwar da take zaune, ya san ba a yi mata alkawari. Amma ta ajiye jakar ta zauna. Watanni ke nan tana hawa wannan bene, tana shan shayin Ustaza Amna mai sukari kamar za a ƙulla alewa. A takardar da ta kai wa malamanta na jami'a, binciken digirinta na biyu a kan mahajjatan ƙasa ne, waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da Barno a ƙafa da kan jaki, guzuri ya ƙare musu a Alƙahira suka zauna. Wannan gaskiya ne, sai dai da saura. Mutum ɗaya take nema, da matarsa, da wani yaro. Yaron shi ne mahaifinta.

Kundayen ba su iya hira ba, amma wanda ya jure zama da su sai sun ba shi labari. Kowane shafi gida-gida ne: suna, ƙasa, mata, 'ya'ya, sai adadin gurasar da ake ba iyalin kullum. Kai ɗaya gurasa ɗaya, babba ko yaro. Ranar Juma'a a ƙara da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake. In sanyi ya shigo a raba barguna, kuma magatakarda ba ya mantawa ya rubuta wanda ya sayar da nasa ya sayi takalmi. A cikinsu ta gamu da wata Husaina da aka cire daga layi don an gan ta tana soya ƙosai da waken Masar a bakin ƙofa, tana samun na kanta. Ta gamu da wani tsoho da aka ba likkafani ba da daɗewa ba bayan an ba shi sabon bargo, aka karɓi bargon aka miƙa wa maƙwabcinsa. Ta gamu da wanda ya roƙi a ba shi garin gero maimakon gurasa, magatakarda ya rubuta cewa babu wannan a sito. Layin nan ya ba ta dariya a ranar, daga baya kuma ya sa ta hawaye a cikin jirgin metro, don ta san fura bawan Allahn yake so ya sha ko sau ɗaya.

Kundin da aka kawo mata yau gara ta ci bangonsa, amma shekarunsa sun yi daidai da abin da take nema, ƙarshen zamanin sarauta a Masar. Ta yi bisimilla ta fara buɗawa. Can wajen tsakiya ta tsaya.

Ta gane hannun kafin ta karanta sunan. Sauran mutane dangwale suke yi da babban yatsa, shi wannan da kansa ya sa hannu, kuma rubutun ba na Masar ba ne. Rubutun allo ne, mai kauri, mai buɗaɗɗun ƙafafu, irin wanda ake koya a zaure da alƙalamin kara. Illiyasu ɗan Hussain, Takruri, daga ƙasar Damagaram, da matarsa.

Ba ta taɓa ganin kakan nan nata ba, ko a hoto. Ta kai yatsa kusa da tawadar, ba ta yarda ta taɓa ba. Kewar mutumin da ba ta sani ba ta kama ta, kewa ta gaske. Ustaza Amna ta ga fuskarta ta gane, ta ce mabruk, wato barka, ta tafi ɗora wani shayin.

Sannan idon Zeinabu ya matsa zuwa gidan 'ya'ya. Babu komai a ciki sai ɗan layi a kwance. Gurasa biyu. A gefen shafin kuma, da ƙananan haruffa, magatakarda ya ƙara bayani: akwai yaro yana biye da shi, an tambaye shi ko ɗansa ne, ya sunkuyar da kai bai amsa ba, ba a sa yaron a lissafi ba.

Ta yi ta buɗa shafuka da sauri har kyanwar ta ɗaga kai. Duk shigowar sabon lokaci ana sake rubuta mutane, ga shi nan kuwa a karo na biyu, da hannunsa mai kauri: an sake tambayarsa game da yaron, bai amsa ba. A karo na uku magatakarda ya gaji da dogon zance, ya rubuta kalma biyu kawai, ma'anarsu kamar dai dā.

Ustaza Amna ta dawo da shayi, ta leƙa ta bayan kafaɗarta ta karanta. Ta ce ta sha ganin irin wannan. Hanyar nan doguwa ce, iyaye kan mutu a kai, wasu matafiyan su kwashi yaran, wani ya mai da yaro ɗan aike, wani kuma ya riƙe shi don Allah. Ta dafa ta ta ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, ko ma yaya aka yi, ai mutumin bai yar da shi ba. Ita a ganinta lallashi ta yi. Ba ta san ta taka wurin da ya fi ko'ina ciwo ba.

Ga yadda abin yake. Malam Illiyasu da amaryarsa sun bar Magarya ba su da ɗa, suka dawo bayan shekara tara da yaro mai Larabci a baki, Hausarsa a karkace. Babu wanda ya ga cikin, babu wanda ya ci sunan, kuma Allah bai ƙara ba su wani ba. Yaran unguwa suka sa masa Ɗan Hanya. Manya ba sa faɗa a gabansa, amma yara ai ba a mafarki suke jin magana ba. Malam Illiyasu mutum ne da ba a jin bakinsa sai a karatu, bai taɓa tanka zancen ba har ya rasu, yaron bai ko balaga ba, matarsa kuma ta bi shi ba da jimawa ba. Ranar rabon gona wani baffa ya faɗi maganar a fili, aka yi masa ca ya janye, amma ta riga ta fita. Yaron ya girma ya zama Alhaji Munkaila, ya yi fataucin wake da gyaɗa har ya gina gidaje, ya tara 'ya'ya da jikoki, ya je Makka a jirgi. Har yau in tsofaffin abokansa suka kira shi Ɗan Hanya shi ke fara dariya. Zeinabu ce autarsa, ita ce mai zama kusa da shi, kuma ita kaɗai ta lura cewa dariyar nan ba ta kaiwa idonsa.

Yanzu yana gidanta a Faisal, jibi za a yi masa aiki a zuciya. Shekara biyu 'ya'yansa suna fama ya zo Masar a duba shi yana cewa shi ba inda za shi, amma da ta ba shi labarin kundayen nan a waya, mako bai zagayo ba ya ce a yanka masa tikiti. Yayyenta har yau suna yi wa likitan Damagaram godiya, wai shi ya shawo kansa. Tun da ya zo, kullum ta dawo sai ya tambaye ta ko an gan su. Yau da safe kuma, tana ɗaura takalmi, ya kira ta.

"Auta, ni ba sai an sa sunana ba," in ji shi. "In dai an rubuta Illiyasu da ɗansa, ya ishe ni. Ina so in shiga ɗakin likitocin nan na san ɗan wa za su yanka."

Ya faɗe ta ne da wasa, kamar yadda ya saba.

Zeinabu ta ɗauki shafin hoto sau biyu. Na farko duka. Na biyu ta matso da wayar yadda sunan da sa hannun suka cika fuska, gidan 'ya'ya da bayanin gefe suka fita waje. Ta shanye shayin don kada Ustaza Amna ta ji ba daɗi, ta yi sallama ta sauko.

A bakin tashar metro ta kira mijinta Sada, wanda ke can wani gefen gari wajen darasin hadisi. Ta karanta masa abin da ta gani. Sada mutum ne mai natsuwa, wani lokaci har natsuwar ta ba ta haushi. Ya ce kada ta faɗa wa Baba sai bayan aikin, zuciyar da ake lallaɓawa ba a ɗora mata irin wannan, kuma yin shiru ba ƙarya ba ne. Ta ce to in bai fito daga ɗakin ba fa, ya tafi da hoton da ta yanke? Sada ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Haka ɗalibai ke cewa in littafi ya ƙare musu.

Metro a cike yake. Ta samu tsayuwa a taragon mata, tsakanin wata mai buhun albasa da 'yan makaranta biyu masu kallon waya ɗaya. Tana riƙe da ƙarfe tana tuna daren Magarya, lokacin da Baba kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ba su labarin Masar. Wani fili mai famfon dutse a tsakiya. Kyanwoyi da yawa, ba mai korar su. Wani mutum mai tuƙa keke da katon faifan gurasa a ka, hannu ɗaya a sama. Sanyi mai shiga ƙashi, shi da Inna, mahaifiyarsa, a bargo guda. Kiran salla daga masallatai ɗari a lokaci ɗaya, har yaro ya rasa wanda zai bi. Yayyenta tatsuniya suka ɗauke shi, ita kuwa ta haddace har da inda yake tsayawa ya yi tari. Saboda labaran nan ta nemi karatu a Masar, ko da yake ta ce wa kowa don Larabci ne.

Makon jiya ta kai shi inda takiyyar take a dā. Ya tsaya da sandarsa a gaban shagunan waya, samari suna yi masa tallar caja, ya duba gabas ya duba yamma bai ga komai ba. Sai da za su tafi ya hango wani guntun bango a lungu, da dutse mai santsi a gindinsa, ya ce a nan yake zama ya jira Malam. Wataƙila a nan ɗin ne, wataƙila kuma wani dutsen ne a wani lungun. Ta ce masa lalle nan ne, ya dawo gida yana murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Daga tashar Faisal ta shiga ƙaramar bas. Direba yana ta yalla yalla, kuɗin mota na tafiya hannu zuwa hannu har gaba, canji na dawowa ta hanyar da ya bi. Ita duk ba ta nan. Tana ta juya maganar, ta ɗauka ta ajiye. Tsoron ta kashe shi da gaskiya take ji, tana kuma jin kunyar ta sallame shi da ƙarya. Kafin ta sauka ta tsai da shawara a kan hoto na biyu. Ta ce wa kanta in ya warke ta gaya masa, kuma ta san ba za ta gaya masa ba.

Ta same shi a baranda, zaune a kan darduma ya jingina da bango, yana kallon tattabarun da maƙwabta ke kiwo a saman soro. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Amma bakin yana nan. Tun zuwansa ya zama abin so a benen, don Larabcin da ya dawo masa na yara ne, kuma na shekara saba'in da suka wuce. Mai gadin ƙofa kan ce rabonsa da jin irin kalmomin nan tun rasuwar kakarsa.

"An gan mu?" in ji shi, bai ko bari ta cire mayafi ba.

"An ga Malam, Baba."

Ta durƙusa ta miƙa masa wayar. Ya karɓa da hannu biyu, ya nisanta ta ya kusanto, ta gyara masa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Leɓensa na motsi, ba ta san ko sunan yake karantawa ko addu'a yake yi ba.

"Hannunsa ne," ya ce a hankali. "Dubi yadda yake jan wutsiyar harafi har ta shiga layin ƙasa. Da wannan hannun ya rubuta min allona na farko."

Ya share ido da bakin rigarsa, bai ɓoye ba. Ya shiga tambayarta wace irin takarda ce, wace irin tawada, ko akwai wasu 'yan Damagaram a shafin. Ta amsa duka, har da ƙari. Ta ba shi labarin barguna da miyar adas, ya ce ƙwarai, ranar Juma'a, kuma miyar ba gishiri. Ya yi wa Malam addu'a, ya yi wa Inna, ya yi wa matar da ta yi wakafin. Zeinabu ta ga kamar ta tsira. Ta miƙe ta ce bari ta ɗora masa kunu kafin Sada ya dawo.

"Auta."

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni fa?"

Ta ce wannan kundin ba a rubuta yara a ciki, manya kawai. Ta faɗa da sauri, tana kallon tattabaru. Alhaji Munkaila ya yi shekara hamsin yana sayen wake a hannun mutanen da ke rantsuwa babu tsakuwa a buhu, ya san yadda muryar mutum ke yi in ya bar wani abu a ƙasa.

"Shekaranjiya kin karanta min wani Babarbare da 'ya'yansa huɗu," ya ce. "Har kika ce ƙaramar sunanta Ummukulthum. Zuciyata ce ba lafiya, ba kaina ba. Zo ki karanta min abin da kika yanke."

Ta ce likita ya hana a tayar masa da hankali. Ya ce likita bai san abin da ya kawo shi Masar ba. Ta ce a bari sai bayan jibi. Ya ce wa ya ba ta jibi?

Ta dawo ta zauna a gefen dardumar. Ta buɗe hoton farko. Ta karanta da Larabci kamar yadda aka rubuta, sannan ta mayar da Hausa, ko da yake ya riga ya ji. Gidan 'ya'ya babu kowa. Akwai yaro yana biye da shi. An tambaye shi ko ɗansa ne, ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Ba ta ɗago ba. Tana jiran abin da ta yini tana tsoro, sai ta ji wani ɗan sauti daga ƙirjinsa, ta zabura ta ɗauka ciwon ne. Ashe dariya yake yi, ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

"Sau nawa aka tambaye shi?"

"Sau uku na gani."

"Duk bai amsa ba?"

"Bai amsa ba, Baba."

"Malam ke nan," in ji shi. Hawaye na bin gemunsa, amma wannan dariyar ta kai ido. "Ke auta ce, kin taso ana kiran sunanki ana ɗora ki a cinya, ina za ki gane? Mutanen dā, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna shi, ba a buɗa baki a ce nawa ne. Ko gaban alƙali aka kai Malam sai dai a ɗaure shi. To ki gaya min, da tsinto ni ya yi a hanya, me zai hana shi ya ce maraya ne na ɗauka? Wa ke jin kunyar maraya? A kundayen nan naki ba ki ga masu marayu ba?"

Ta gan su mana, da yawa. Wane ɗan wane, da maraya a hannunsa, gurasa kaza. Babu wanda ya sunkuyar da kai a cikinsu. Kuma ba wai ba ta san kunyar ɗan fari ba, wane Bahaushe ne bai sani ba? Amma ita a wajen tsokanar tsofaffi ta san ta, a gidan biki, in an matsa wa kaka ta faɗi sunan babban ɗanta ta rufe fuska ana shewa. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa abin nan zai tako ƙasa ya ratsa Sudan, ya zo ya tsaya a gaban magatakardan Masar mai jar dara. Da idon Ustaza Amna ta karanta shafin, ta kuma ɗauko nauyinsa tun daga Wustul Balad. Ta ji sauƙi ya sauko mata.

Shi kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ce shirun Malam a gida bai taɓa gaya masa komai ba, don da kowa shiru yake yi, da baƙo da ɗan gida. Ya sha zama yana lissafi, ko kunya ce, ko kuwa riƙon amana ne kawai na mutumin kirki, bai taɓa samun amsa ba, kuma wa zai tambaya? Ya ce baffan nan na ranar gona, ya yafe masa tun tuni da baki, yau ya yafe masa da gaske. Ya ce a kira yayyenta a gaya musu, sannan ya ce a'a, a bari, shi zai gaya musu da kansa in ya fito.

"Nan kuwa an titsiye shi," ya ce. "Ga baƙon gari, ga yunwa, kalma ɗaya zai faɗa a ƙara masa gurasa, amma ya..."

Ya tsaya. Dariyar ta janye daga fuskarsa a hankali.

"Nawa kika ce aka rubuta masa?"

"Biyu."

"Kullum?"

"Kullum, har ƙarshen kundin. Tasa da ta Inna."

Ya girgiza kai, kamar mai gyara wa yaro karatu. Ya ce ba daidai ba ne, shi guda yake ci, cikakkiya. Yana tunawa sarai, don ba ta riƙuwa masa da hannu ɗaya, sai ya dafe ta a ƙirji. Inna ma guda take ci, a gabansa, tana gutsura tana tsomawa a ruwan zafi don haƙorinta na ciwo. Ba wata biyu ba, ba wata uku ba, sanyi biyu suka yi a gidan nan, kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Ya faɗi haka sau biyu. Sannan ya dubi tafin hannunsa.

"Malam kuwa in an kawo, sai ya ɗauki buta ya fita," ya ce, muryar ta yi ƙasa. "Inna ta ce min a masallaci yake ci, tare da malamai. Har na tsufa ina faɗa wa mutane babana a Masar da malamai yake cin abinci. Na sha yin alfahari da wannan."

Zeinabu ta ce wataƙila yana samun wani abu a can ɗin, masallatai ba sa rasa mai sadaka. Ta faɗa ne don ta ce wani abu. Tausayin tsohon nan ya cika ta, da tausayin wancan saurayin mai buta da bai kai shekarunta na yanzu ba.

Aka fara kiran la'asar, masallacin ƙasan bene da na bayansa da na can bakin titi, kowa da nasa. Alhaji Munkaila mutum ne da ladan ba ya rufe baki bai miƙe ba, amma yau ya zauna. Ya turo mata wayar a kan dardumar.

"Sake karanta min."

"Daga sunansa?"

"A'a," ya ce, ya rufe ido ya jingina da bango. "Daga inda aka tambaye shi."